Kwana a mota a filin fakin na ƙaramar hukuma a Birtaniya: inda aka yarda, da inda tara ke jiranka

A Birtaniya, ajiye mota a fili abu ɗaya ne, kwana a cikinta kuma wani abu ne daban, kowanne da nasa izinin. Kana iya biyan kuɗin fakin na awa 24 cif, tikitinka na manne a gilashi, amma ka ja labule ka kwanta, gari ya waye ka tarar da takardar tara a ƙarƙashin waifa. Yawancin waɗanda haka ke faruwa da su ba taurin kai suka yi ba. Sun ɗauka cewa wanda ya biya kuɗin gurbi ya sayi damar yin abin da ya ga dama a cikinsa, alhali ba haka dokar take ba.

Maganar tawa a kan motar kwana ce, wato motar nan da aka gina wa gado, murhun girki, tankin ruwa da masai a ciki, wadda mutane ke saya ko su ɗauka haya su zaga ƙasa da iyali lokacin hutu. Ɗan uwanmu da ke karatu ko aiki a can zai ga amfaninta nan take, domin tana rage kuɗin otal kuma mutum na dafa abincin da hankalinsa ya kwanta da shi. Sai dai wanda ya taso inda direban tirela ke tsayawa a Tafa ko Mararrabar Jos ya shimfiɗa tabarma a gindin motarsa ba mai ce masa kanzil, zai yi mamakin yadda ake ƙidaya wa baƙo awoyin barcinsa a can.

Wa ke da ikon filin

Babu wata doka guda ta ƙasa baki ɗaya da ta hana kwana a mota. Abin da ke akwai shi ne dokar tsara zirga-zirgar hanya ta 1984, wadda ta bai wa ƙananan hukumomi ikon buɗe filayen fakin da rubuta wa kowane fili sharuɗɗansa. Sharuɗɗan suna cikin wani kundi mai suna Off-Street Parking Places Order, kuma akasarin hukumomi na sa nasu a shafinsu na intanet. A ciki za ka ga irin motocin da aka yarda su shiga, iyakar nauyi da tsawo, awoyin buɗewa, kuɗi, sai kuma wani sakin layi da aka saba gani wanda ke hana amfani da filin domin barci, yada zango ko girki. Wannan sakin layin shi ne tushen maganar duka. A ƙarshen kundin akwai jadawali, fili bayan fili, kuma a nan ne ake nuna wuraren da aka ɗage musu hanin.

Saboda haka garuruwa biyu maƙwabta na iya samun hukunci biyu mabambanta. Kai har a gari ɗaya, filin bakin teku ya hana, na bayan kasuwa ya yarda. Abin da wani ya gaya maka game da filin da ya kwana bara ba hujja ba ce a bana.

Allon da ke bakin ƙofa ko kusa da injin biyan kuɗi shi ne taƙaitaccen kundin, kuma dole ka karanta shi har ƙananan rubutun ƙasa. Hani iri uku ake yawan gani, kuma ba ɗaya suke ba. In an rubuta "No overnight parking", motar kanta ce ba za ta kwana ba, ko da ka kulle ta ka tafi otal. In "No overnight sleeping" ne ko "No camping", motar tana iya kwana amma ba da mutum a ciki ba. Na uku shi ne a hana motar kwana kaɗai zama tsakanin wasu awoyi, misali daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 ko 8 na safe. Wannan na ukun ya fi haɗari ga matafiyi, kuma hukumomi sun fi son sa, domin jami'in fakin ba ya bukatar ya tabbatar cewa barci kake. Tabbatar da barci yana da wuya: ba shi da ikon buɗe motarka, sai dai ya dogara da labulen da aka ja, gumin gilashi ko ƙarar hita. Amma in hanin a kan nau'in mota da lokaci ne, hoto ɗaya mai ɗauke da agogo ya wadatar. Irin wannan matakin hukumar North Yorkshire ta ɗauka a watan Nuwamban 2024, lokacin da ta fara gwajin hana motocin kwana tsayawa daga 11 na dare zuwa 7 na safe a wasu titunan bakin teku, ciki har da Royal Albert Drive a Scarborough da hanyar Sandsend kusa da Whitby.

In allon bai ce komai a kan kwana ba, kada ka ɗauki shirun a matsayin izini. Sau da yawa a ƙasansa akwai layin da ke cewa cikakkun sharuɗɗa na cikin kundi. Shirun allo na iya zama hujjarka in an ci ka tara, amma gara ka duba kundin tun kafin ka kwanta.

Me ya sa suke hanawa? Dalilan ba na banza ba ne, ko da yake wani lokaci ana wuce gona da iri. Dokar sansanonin karaban ta 1960 ta ɗauki duk motar da aka tsara domin zaman mutum a matsayin karaban, wato ɗakin kwana mai taya, don haka filin da aka bari ana kwana a cikinsa a kai a kai yana iya shiga sahun sansani a idon masu tsara gari, ya bukaci izinin sauya amfani. Akwai tsoron gobara, tunda kowace mota na ɗauke da tukunyar gas. Akwai masu sansanoni na kuɗi da ke ƙorafin hukuma na karya musu kasuwa. Akwai mazauna unguwa da ke wayar gari su ga jerin fararen motoci sun tare musu teku. Sai kuma babban dalilin, ƙazanta, wadda ta yi muni bayan 2020 lokacin da annobar korona ta hana mutane fita ƙasashen waje kowa ya koma yawo a cikin ƙasa. A ganina hani na bai ɗaya ba ya maganin komai, korar motocin kawai yake zuwa lungunan da babu masai balle kwandon shara. Hukumomin da suka keɓe gurbi kaɗan, suka sa kuɗi da wurin zubar da najasa, su suka fi yin dabara.

Girman motar, tun kafin maganar barci

Da yawa ana cin su tara ne ba don sun kwana ba, sai don motar ba ta dace da filin ba. Gurbin fakin na yau da kullum a Birtaniya faɗinsa mita 2.4 ne, tsawonsa mita 4.8. Motar kwana da aka yi da gangar jikin Fiat Ducato tsawonta kan kasance mita 5.4, 6 ko 6.4, faɗinta ya ɗan haura mita 2 ban da madubai. Manyan da aka ɗora wa ɗaki a baya suna kai mita 7 ko fiye, faɗi wajen mita 2.3, tsayi kusan mita 3. Ka ga ke nan babu wadda za ta zauna cikin layi ɗaya. Wasu hukumomi sun yarda ka ci gurbi biyu muddin ka sayi tikiti biyu ka nuna su duka, wasu kuma ba su yarda ba sam, fita daga layi laifi ne ko nawa ka biya. Dabarar da aka saba ita ce neman gurbin gefe inda bayan motar zai leƙa kan ciyawa, tayoyi huɗu na cikin layi. Ka tabbata ba hanyar masu tafiya da ƙafa ka tare ba, kuma ka sauko ka duba bayan da idonka, domin ƙaramin turke ko katangar da ba ta kai gwiwa ba madubi ba ya nuna ta.

Ƙarfen da ake gicciyawa a saman ƙofa yawanci yana wajen mita 2 zuwa 2.1. Ƙananan motoci irin Volkswagen Transporter mai rufin da ake ɗagawa kan wuce da kyar, sauran ba sa wucewa. Ka auna motarka da kanka daga ƙasa zuwa abin da ya fi tsayi a kanta, ko eriya ce ko faifan sola ko murfin iska, ka rubuta adadin a takarda ka manna kusa da sitiyari. Hattara da filin da ƙarfensa ke buɗe da rana saboda motar shara ko 'yan kasuwa: ka shiga da yamma, a rufe shi da dare, da safe ka rasa hanyar fita.

Nauyi ma haka. Kundaye da dama sun tsayar da iyaka a tan 3.5, wasu tsofaffi ƙasa da haka sosai. Tan 3.5 ɗin kuma ita ce iyakar lasin mota na yau da kullum. Gurbin manyan bas da na manyan motocin kaya ba naka ba ne sai in allo ya faɗa ƙarara. Tunda maganar lasi ta zo: lasin Najeriya yana aiki a Birtaniya na wata 12 ne kawai daga ranar da mutum ya zama mazauni, bayan nan sai ya ci jarrabawar tuƙi ta can, kuma kamfanonin haya na da nasu sharuɗɗan na shekaru da daɗewar lasi. Ka tambaya kafin ka biya kafin alƙalami.

Wuraren da suka buɗe ƙofa

Akwai su, kuma sanin su ya fi komai sauƙaƙa tafiya. A Canterbury, filin New Dover Road, inda ake ajiye mota a hau bas zuwa cikin gari, ya daɗe da keɓe ɓangare domin motocin kwana, da famfon ruwa da wurin juye masai. Masu tsallakawa Faransa ta Dover sun san shi sarai. A arewacin Devon, hukumar Torridge ta yarda da kwana a wasu filayenta kamar na Appledore da Bideford, dare biyu a jere. Hukumar Fylde a Lancashire na karɓar masu kwana a St Annes. A Northumberland an fara gwaji a 2022 a Bamburgh, Beadnell da Amble, gurbi kaɗan a kowane wuri, fam 12 a dare lokacin da aka fara, kuma sai ka kama gurbi ta intanet tun kafin ka iso.

A Wales, hukumar Powys ta daɗe da tsarin dare ɗaya cikin bakwai a wasu filayenta na dogon zama. Ma'anarsa ka kwana yau, ba za ka sake kwana a wannan filin ba sai mako ya zagayo. Hukumar Gwynedd ta gina wurare na musamman da ta sa wa suna Arosfan a Caernarfon, Criccieth, Llanberis da Pwllheli, iyakar zama awa 48, da ruwa da wurin zubar da najasa. A Sikotland, hukumar Highland ta fito da tsari a 2024 na fam 40 na kwana bakwai, wanda ya haɗa da kwana a wasu filayenta. Hukumar gandun daji ta Sikotland ma, ko da yake ba ƙaramar hukuma ba ce, tana da shirin Stay the Night: dare ɗaya, daga 6 na yamma zuwa 10 na safe, ba dawowa cikin awa 48, tazarar mita 4 tsakanin motoci. Cornwall kuwa, duk da farin jininta wurin masu hutu, tana cikin masu tsanani, don haka in can ka nufa ka sa kuɗin sansani a lissafinka.

Kuɗi da sharuɗɗa na sauyawa kusan kowace shekara, galibi a watan Afrilu da sabuwar shekarar kasafi ke farawa. Hanyar tabbatarwa ita ce wannan. Ka fara da manhajoji irin park4night ko Searchforsites domin samun sunan wuri, amma ka tuna matafiya ne ke cika su, ba hukuma ba, kuma wani ya kwana lafiya ba ya nufin an halatta, wataƙila jami'i ne bai zagayo ba. Daga nan ka shiga shafin hukumar ka nemi ɓangaren motocin kwana. In babu, ka buɗe kundin ka duba jadawalin filin. In har yanzu da shakka, ka aika wa sashen fakin imel da sunan filin, tsawon motarka da ranar, ka ajiye amsar. Da ka isa, ka ɗauki hoton allon ƙofa, na injin biya, da na motarka a cikin gurbi. Minti biyu ne, amma su ne shaidarka.

Ka kuma tabbata filin na hukuma ne. Na manyan kantuna da na wuraren hutawa na babbar hanya kamfanoni masu zaman kansu ne ke kula da su da kyamarar karanta lambar mota. A wuraren hutawa na babbar hanya awa biyu na farko kyauta ne, bayan nan sai an biya, kuma wanda barci ya kwashe bai biya ba takarda za ta same shi a gida.

Wurin biya akwai tarko. Kuɗin kwana sau da yawa daban yake da na rana, kuma yana da tasa lambar wuri a manhajojin biyan kuɗin fakin irin RingGo, PayByPhone ko MiPermit. In ka sa lambar fakin na ƙananan motoci, a na'urar jami'i ba ka biya kuɗin kwana ba. Ka duba ƙarfe nawa tikitin dare ke ƙarewa. In 8 na safe ne kuma kana son karin kumallo a nutse, sai ka sayi na rana ya ɗora daga nan. Ka kuma duba lambar motar da ka shigar harafi bayan harafi, musamman sifili da harafin O, balle in motar haya ce da ba ka haddace lambarta ba.

Yadda ake kwanan

Sharaɗin da ya fi yawa shi ne motar ta kasance mai ɗauke da komai nata: masai a ciki, tankin ruwa mai tsabta, tankin ruwan wanke-wanke. Ƙaramar mota da katifa a baya ba ta cika wannan sharaɗin ba. Na biyu, komai ya tsaya a cikin mota. Ba kujera, ba tebur, ba rumfa, ba gasa nama, ba shanya, ba janareta. Abin da aka ba ka izini shi ne fakin da barci, ba yada zango ba, kuma da zarar kujera ɗaya ta sauka ƙasa ka tsallaka daga wannan zuwa wancan. Wasu wuraren har waigin da ake sa wa taya domin daidaita mota suna ƙirga shi cikin yada zango, don haka ka zaɓi gurbi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa tun farko. Daidaiton ba don daɗin barci kaɗai ba ne, firjin da ke aiki da gas ba ya sanyi sosai in motar ta karkace.

Wannan ya shafi alwala da salla. Ka yi alwala a ɗan banɗakin motar ruwan ya tafi tanki, maimakon fitowa da buta kan kwalta, domin mai kallo daga taga ba zai bambance ruwan alwala da ruwan datti ba, ƙara kawai zai kai. Tsakiyar yawancin motocin na ɗaukar dadduma ɗaya in an naɗe tebur. A watan Yuni kuma, musamman a arewacin Sikotland, dare gajere ne ƙwarai, asuba na yi tun mutanen motocin kusa na tsakiyar barci, sai a kula da ƙofar gefe mai zamewa, ƙararta na tashin fili guda.

Ka bar tazara. Ma'aunin da aka saba a sansanoni mita 6 ne tsakanin mota da mota saboda wuta, kuma wasu hukumomi sun ɗauko shi. In ka iso ka tarar gurabun da aka keɓe sun cika, kada ka cusa kanka tsakani ko ka koma gurbin ƙananan motoci. Ka ajiye motar hancinta na kallon hanyar fita, kujerar direba babu kaya a kai, makulli a wuri ɗaya da ka sani, yadda in wani abu ya taso cikin dare za ka tashi mota ba tare da ka fito waje ba. Filayen bakin teku da na bayan gari wani lokaci matasa masu tseren mota na taruwa a cikinsu daren Juma'a da Asabar. Zanen taya a kan kwalta alama ce.

Barin inji na aiki domin ɗumi ko cajin batir laifi ne a filaye da yawa, kuma ba ya da amfani sosai. Batirin ɗaki, wato mai ba ɓangaren kwana wuta ba na inji ba, in na dalma ne mai ƙarfin 100Ah, rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, kuma wannan ya isa fitilu, famfo, cajin waya da hita na dare ɗaya in ka iso da shi a cike. Hitar dizal na jan wuta da yawa ne a mintunan farko na kunnawa, shi ya sa in batir ya yi ƙasa take ƙin tashi ko ta mutu da tsakar dare, kuma kunnawa da kashewa a kai a kai ya fi cin batir fiye da barinta a ƙasa-ƙasa. Ga mai amfani da gas, lokacin sanyi furofen ake so ba butan ba, domin butan na daina fitowa da zarar sanyi ya kusa daskarar da ruwa. A tukwanen gas na kamfanin Calor, ja ita ce furofen, shuɗiya butan. Kada ka taɓa ɗumama ɗaki da murhun girki, kada ka toshe ramukan iska don jin sanyi, kuma kada ka kwana a motar da babu na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid mai aiki. Iskar ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta. In motar haya ce, ka danna maɓallin gwajin na'urar a gaban mai ba da hayar.

Akwatin masai na ɗaukar lita 17 zuwa 19, wanda ga mutum biyu kwana biyu ne zuwa uku, ga iyali mai yara kuwa kwana ɗaya. Wurin juye shi shi ne ramin da aka tanada domin haka, a sansani ko a filin da ke da shi. Ramukan ruwan sama da ke cikin filin fakin galibi kai tsaye suke zuwa rafi ko teku ba tare da tacewa ba, don haka ko ruwan wanke-wanke bai halatta a sake musu ba, balle najasa mai sinadari. Ka tabbata famfon tankin wanke-wanke a rufe yake kafin ka kwanta, domin ɗigon dare guda na barin tabon maiƙo da kowa zai gani da safe. Wake ɗaya ke ɓata gari: hoton mutum ɗaya yana juye akwati a cikin shinge ya isa ya sa kansiloli su rufe filin da ɗaruruwa ke amfana da shi. Tsarin da ke aiki shi ne dare biyu a filayen hukuma, na uku a sansani na kuɗi, a juye, a cika ruwa, a yi caji.

In takarda ta zo

Takardar hukuma sunanta PCN, kuma ba laifin kotun hukunta masu laifi ba ne, bashi ne. A Ingila ban da Landan, da kuma Wales, yawanci fam 70 ne ga babban laifi, fam 50 ga ƙarami, a rage rabi in an biya cikin kwana 14. A Landan ya fi haka nesa, a Edinburgh fam 100 ne. A jikin takardar akwai lambar laifi, kuma ita za ka fara dubawa: 86 fita daga layin gurbi, 89 wuce iyakar nauyi ko tsawo ko tsayi, 91 nau'in motar da ba a yarda da ita a wurin ba, 93 fakin bayan an rufe fili, 95 amfani da wurin ba don abin da aka tanade shi ba, wadda ita ce ake yawan sa wa mai barci. 89 da 91 na cikin manya.

In kana ganin an zalunce ka, kada ka biya tukuna, domin biya na rufe maganar. Ka rubuta ƙorafi cikin kwana 14 da hotunanka, kuma galibi in an ƙi karɓa ana sake ba ka damar biyan rabin. In ka ci gaba, takardar sanarwa za ta je wa wanda sunansa ke kan rajistar motar, yana da kwana 28 ya kai ƙorafi a hukumance. In an sake ƙi, akwai kwana 28 na ɗaukaka ƙara kyauta zuwa kotun sauraron ƙarar tara, wato Traffic Penalty Tribunal a Ingila da Wales, ko London Tribunals in a Landan ne. Hujjojin da ke da ƙarfi su ne allo babu ko ya goge ko bishiya ta rufe shi, allo ya saɓa wa kundi, ko kuma babu shaidar cewa an kwana. "Ban sani ba" da "na ga wasu sun yi" ba sa cin nasara. Abin da bai kamata ba shi ne yin shiru: kuɗin na ƙaruwa da rabi, sannan a yi rajistar bashin a kotu a turo masu karɓar bashi da nasu cajin. A motar haya, kamfanin ne takardar ke fara samu, ya miƙa sunanka ko ya cire daga katinka, ya ƙara kuɗin ɗawainiya. Takardar kamfani mai zaman kansa kuwa hanyarta daban ce, ƙararta na zuwa hukumar sauraron ƙara ta POPLA ko ta IAS gwargwadon ƙungiyar da kamfanin ke ciki.

Akwai abin da ya fi PCN nauyi. Wasu garuruwa sun kafa dokar kare wuraren jama'a, PSPO, ƙarƙashin dokar 2014, wadda ke iya hana kwana a mota a wani yanki, kuma saɓa mata laifi ne da kotu ke iya cin tarar da ta kai fam 1,000. Sashe na 77 na dokar shari'ar laifuka da kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1994 ya bai wa hukuma ikon umartar masu zama a mota su tashi, ƙin tashi laifi ne. Matafiyin dare ɗaya da wuya ya kai nan, amma in jami'i ko ɗan sanda ya ƙwanƙwasa ya ce ka tashi, ka tashi, gardamar ka yi ta a rubuce daga baya. Filin fakin kuma wurin jama'a ne a idon dokar tuƙi, don haka wanda abin maye ko magani mai sa maye ya rinjaya, yana riƙe da makulli, ana iya tuhumarsa ko motar ba ta motsa ba.

Game da Sikotland akwai kuskuren da ya yaɗu, cewa a can ko'ina ana kwana. Dokar 2003 da ta ba da 'yancin shiga daji da kafa tanti ba ta haɗa da mota mai inji ba. A yankin Loch Lomond ma akwai dokoki na musamman daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba, inda wasu wuraren sai da takardar izini.

In filin da ka nufa ya cika ko ka tarar an sauya allo, gefen hanya ba shi ne mafita mai sauƙi ba. A hanyar da iyakar gudunta ta wuce mil 30 a awa, dole motar da aka ajiye da dare ta bar ƙananan fitilunta a kunne, har a wurin rakuɓewa na gefen titi, kuma hakan na iya kashe batirin inji kafin safiya. Shi ya sa ake son isa wuri tun da sauran haske, da wuri na biyu a rubuce wanda bai wuce tafiyar rabin awa ba. Ƙananan sansanonin mota biyar da ƙungiyoyin Caravan and Motorhome Club da Camping and Caravanning Club ke ba wa shaida suna ko'ina a gonaki da bayan ƙauyuka, ga mambobinsu. Akwai kuma Brit Stops, inda shagunan gona da gidajen abinci ke barin matafiyi ya kwana a harabarsu dare ɗaya, da fatan zai yi ɗan ciniki. Waɗannan ana kiran waya ne kafin a je, kuma gara a kira tun kafin la'asar, domin lokacin zafi gurbi biyar ba ya jiran magariba.